Motata tana zafi a hawan Falez, an ce in buɗe kulas

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni direba ne a Garwa, ina da Toyota Carina E ƙirar 1994 da nake jigilar fasinja da ita zuwa Ngaundare. A cikin gari lafiya lau take tafiya, amma tun shigowar bazara, da na kama hawan Falez, dogon hawan dutsen nan da ke kafin a isa Ngaundare, sai allurar zafi ta tashi ta doshi ja. Duk bayan kwana biyu sai na ƙara ruwa kamar lita guda, kuma na rijiya nake zubawa. An cire mini kalosta, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗumi, an haɗa fanka kai tsaye, duk a banza. Yanzu bakanike ya ce juwan kulas, wato gasket ɗin da ke tsakanin kan inji (kulas) da gangar jikinsa, shi ne ya ƙone, a buɗe inji. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya kiyaye hanya. Kada ka yarda a kwance kulas tukuna. Mai yiwuwa bakaniken naka ya yi gaskiya, amma akwai gwaje-gwajen da ba za su ci maka ko jaka biyar ta sefa ba, su za su nuna ko ya canka daidai.

Wurin da mota take yin zafi shi ne ke faɗa maka inda ciwon yake. Wadda take zafi a tsaye, ko a cunkoson bakin babbar kasuwa, amma ta huce da an hau titi, fanka za a tuhuma. Taka kuwa sai an ɗora mata nauyi take kuka. A kan hanya iska na shiga gaban mota da kanta, shi ya sa haɗa fanka kai tsaye bai tsinana maka komai ba. Abin da motarka take cewa shi ne, zafin da inji yake haifarwa a hawa ya fi wanda lagireto yake iya zubarwa.

Fara da murfin lagireto, wanda mutane suke ɗauka marfi ne kawai. Duba samansa, za ka ga an rubuta lamba, yawanci 0.9 a irin motarka. Wannan matsin da yake riƙewa ne ke sa ruwa ya haƙura har wajen digiri 118 kafin ya tafasa. Idan robar murfin ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai tafasa a digiri 100 kamar na tukunya. Kuma Garwa a kwari take, Ngaundare kuwa ta haura mita 1,000 a sama, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96. Ka ga kana hawa, inji na ƙara zafi, haƙurin ruwa na raguwa. Litar nan da kake rasawa tana iya zama ta nan take bi ta zube a hanya ba ka sani ba. Canza shi da mai lamba iri ɗaya, kada a ba ka kowanne don dai ya zauna.

Daga nan sai lagireton kansa, kuma shi na fi zargi. Da safe kafin ka tayar da mota, haska tocila ta bayansa ka leƙa ta gaba. Ƙurar hunturu, ƙwari, da kaɗar da ke tashi daga manyan motoci lokacin jigilar auduga, duk suna liƙewa tsakanin lagireto da na'urar sanyaya ɗaki har su zama kamar bargo. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, don kada ƙananan faifan su lanƙwashe. Sannan ka ɗuma injin, ka kashe, ka zare makulli, ka cire filogin fanka tunda an haɗa ta kai tsaye, ka bi fuskar lagireto da bayan hannu a hankali. Ya kamata zafi ya bazu ko'ina, sama ta ɗan fi ƙasa. In ka ji wani yanki da sanyi, musamman tsakiya, bututan wurin sun toshe.

Ruwan rijiyar nan ne ke jawo haka, kuma abin yana damuna don kusan kowa shi yake zubawa. Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyaran lagireto yana ɗage tankin sama na wata mota irin taka. Bakin bututan ya yi fari fat kamar an shafa kanwa, ya zura siririn ƙarfe a na farko ya ƙi shiga, da ya matsa sai wani jan laka mai kauri kamar kunu ya fito ta ƙasa. Fiye da rabin bututan haka suke. Motar tana yawo a gari ba wanda ya san da ciwon, don rabin lagireto ya ishi tafiyar gari. Koren ruwan nan ko ja da ake sayarwa a galan, mutanenmu suna cewa na ƙasashen sanyi ne. A'a, aikinsa a wurinmu hana tsatsa ne da kare famfon ruwa. Bayan an wanke, shi za ka zuba, in mai kauri ne a surka shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir.

Kalosta kuma a mayar da shi. Na san masu gyara da yawa sun yi imani cewa zafin ƙasarmu bai bar masa aiki ba, amma a injuna da dama, har da na Toyota na wancan zamani, idan ya buɗe a wajen digiri 82 yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. In babu shi, wani kason ruwan zafi yana ta zagaye a ciki. Sabon ma ka gwada shi: jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, ya buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Famfon ruwa ba wuya: duba ko bel ɗinsa ya saki, girgiza fulin da bel ɗin yake juyawa ka ji ko yana wasa, ka leƙa ƙarƙashinsa ko akwai sawun ɗigo. Haka bakin kowane tiyo, inda ruwa ya taɓa tsiyaya yakan bar farin tabo.

To, sai maganar juwan kulas. Da inji a sanyaye, buɗe murfin lagireto, cika ruwa har wuya, ka tayar. Kumfa ɗaya biyu ba komai, iska ce ke fita. Amma in ƙwayoyin kumfa suka yi ta fitowa ba yankewa, suna ƙaruwa da an taka totur, hayaƙin inji ne ke shiga ruwa. Ko kuma ka rufe murfin ka tayar, in tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya alhali inji bai ɗumi ba, alama ce mai ƙarfi. Duba baƙin mai ko ya koma kalar shayi da madara, duba salansa ko farin hayaƙi yana ci gaba bayan mota ta ɗumi. A kwance fulogogi huɗun a jera su: wanda ya fita tas kamar an wanke shi a cikin 'yan'uwansa masu duhu, ruwa ne ke shiga silindarsa. Ka lura, baƙin mai yana iya zama garau alhali juwan ya ƙone, don haka kada ka tsaya a kansa kaɗai. In biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, bakanikenka ya yi gaskiya. Sai dai ka tsaya a kan a auna kulas ɗin da miƙaƙƙen ƙarfe kafin a mayar, domin na alminiyam ne, zafi yana karkatar da shi. Kuma ko an canza juwan, in lagireto yana nan a toshe, sabon ma zai ƙone a wannan hawan.

Kafin ka gama waɗannan, in allura ta tashi kana Falez, kashe na'urar sanyi, kunna hita har ƙarshe ko da fasinja za su yi ƙorafi, ka nemi wuri mai faɗi ka tsaya. In ba tururi, ba ruwa a ƙasa, bar injin yana aiki a hankali har allura ta sauko. In ruwa na zuba, kashe nan take. Don Allah kada ka taɓa murfin sai tiyon sama ya yi laushi kuma kana iya riƙe shi da hannu, wanda yakan ɗauki rabin awa ko fiye, kuma kada yaron mota ya kwara wa kan inji ruwan sanyi.