Tambayi Likita: An min tiyatar rage ƙiba, suga ya sauka amma jikina ya canza

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan fili. Saƙonni uku na ware a wannan makon saboda duk magana ɗaya suke, tiyatar rage ƙiba ga mai ciwon suga, wadda yanzu mutanenmu suke fita Masar da Indiya da Turkiyya suna yowa. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata baiwar Allah a Kano:

"Salam likita. Shekarata 41, na yi shekara 6 da ciwon suga har ta kai ina allurar insulin safe da dare. Shekara ɗaya da rabi kenan aka min tiyatar da suke ce wa baifas a Masar, abin mamaki ko sati ban cika ba likitan yace in ajiye allurar alhalin lokacin ko kilo biyu ban rage ba. Yanzu alhamdulillah na sauke kilo 35 bana shan komai na suga. Toh amma watannin nan in na sha fura ko kunu ko na ci shinkafa, bayan kamar awa biyu sai gumi ya karyo min jikina na rawa ina ganin jiri, rannan na gwada naga 52. A gida wasu na cewa iska ce wasu na cewa sugan ne ya dawo. Dan Allah na warke ne ko ban warke ba, kuma meye wannan abin?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Ba iska bace kuma ba hawan suga bane, faɗuwarsa ce, kuma abin da ya raba ki da allurar nan shi ne dai yake sa ki jirin yanzu.

Yawancinmu mun ɗauka hanji hanyar wucewar abinci ne kawai, alhali shi ma yana fitar da sinadaran da ake kira homon, saƙo ne da jini yake ɗauka ya kai wa wasu sassan jiki. Babbansu a maganar suga shi ne GLP-1, can ƙarshen ƙaramin hanji aka fi yin sa. In abinci ya iso wajen sai ya fito yace wa fankiriyas, wato gaɓar da take yin insulin mai sauke suga a jini, ta saki insulin ɗin, ya danne wani homon ɗin mai suna gulukagon wanda yake sa hanta zubo suga cikin jini, sannan ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. A baifas likita yana yankar ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi kamar girman ƙwai sai ya haɗa shi kai tsaye da tsakiyar ƙaramin hanji, kinga abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin kenan, cikin 'yan mintuna ya isa can ƙasa, sai GLP-1 ya yi tashin da ya ninka na da sau da yawa bayan kowane cin abinci, shi da ɗan'uwansa PYY mai kashe sha'awar abinci. Wannan kuma daga kwanakin farko yake farawa, baya jiran ƙiba ta tafi. Ga shi a kwanakin nan kusan ruwa-ruwa kawai kike sha, kitsen da ya cika hanta shi ne yake fara narkewa, sai hantar ta daina zubo suga da daddare, shi yasa gwajin asuba yake fara kyau tun kina asibiti. Raguwar ƙibar daga baya take zuwa ta ƙarasa aikin, naman jiki ya dawo yana jin maganar insulin.

Likitoci sun daɗe da ganin wannan. A 1995 wani likitan tiyata a Amurka, Walter Pories, ya fitar da sakamakon marasa lafiyarsa inda kusan kashi 83 cikin 100 na masu ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda aka fi samu a manya, sugansu ya daidaita bayan baifas. A 2004 kuma wani likita ɗan Italiya, Francesco Rubino, ya karkatar da hanjin ɓeraye masu ciwon suga waɗanda ba su da ƙiba ko kaɗan, sugansu ya gyaru, nan aka gane ba ramewa kaɗai bace ke aikin. Allurar Ozempic ɗin nan da ake ta magana ma kwaikwayon GLP-1 take yi.

Toh ga inda matsalarki take. In kin sha fura da suga ko kunu, nan take yake zubewa cikin hanji, suga ya haura sama da sauri, GLP-1 ya tashi, fankiriyas ta saki insulin mai yawan gaske, sugan abincin ya ƙare amma insulin ɗin yana nan yana aiki, sai bayan awa ɗaya zuwa uku suga ya rikito ƙasa. Yawanci sai an shekara ko fiye da tiyatar yake bayyana, daidai da labarinki. Duk abin da ya gaza 70 a mitar gwada suga faɗuwa ne, ƙasa da 54 kuwa ba na wasa bane, yana iya sa mutum suma, don haka dan Allah kar ki tuƙa mota ko ki tsaya kan wuta a irin lokutan nan har sai an shawo kan abin.

Gyaran a kwano yake farawa. Ki raba abincinki kashi biyar ko shida ƙanana, ki fara da ƙwai ko kifi ko nama ko wake ko awara ko alale da ganye irin zogale, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe kuma 'yan lomomi. Lemon kwalba, zoɓo mai suga, kunu, fura da aka zuba wa suga, shayi mai kauri da burodi, ki haƙura da su, nono marar suga da gyaɗa ba laifi. Kar ki haɗa ci da sha, ki bar kamar minti 30 tsakani. In abin ya taso ki gwada, ki sha garin gulukos kamar cokali ɗaya a ruwa kaɗan, bayan minti 15 ki sake gwadawa sannan ki ɗora ƙwai ko gyaɗa, kar ki ɗirka wa cikinki kwalbar lemo guda don zai sake jefa ki cikin wani zagayen. Ki riƙa rubuta abin da kika ci da lambar da kika gani ki kai wa likitan ciwon suga a asibitin koyarwa, akwai magani mai suna akabos da ake bayarwa in gyaran abinci bai wadatar ba. In kuma kina samun faɗuwar da asuba ko ba ki ci komai ba, wannan daban ne, sai an bincika.

Maganar warkewa kuma, mu a asibiti cewa muke ciwon ya lafa, wato gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya tsaya ƙasa da 6.5 na aƙalla wata uku ba tare da magani ba. Yana iya dawowa. A wani dogon bincike da aka yi a Suwidin, kashi 72 cikin 100 ciwonsu ya lafa a shekara 2 bayan tiyata, a shekara 10 saura kashi 36. Don haka gwajin HbA1c da na ido da na ƙoda duk shekara yana nan a kanki.

Tambaya ta biyu, daga wata 'yar'uwa a Kaduna:

"Likita barka da aiki. Shekarata 29, shekara 7 da aure ban taɓa ko ɓari ba, ance ina da PCOS ga suga ga ƙiba, al'adata sai in yi wata huɗu ban gani ba. Wata 5 kenan da aka min silib, yanzu duk wata take zuwa kuma bana jin yunwa sam. Zan iya neman ciki yanzu? Kuma gashina yana zubewa sosai abin yana damuna."

Ƙanwata, na taya ki murna, dawowar al'adar nan alama ce mai kyau sosai. A PCOS, wato rikicewar homon da take hana ƙwan mace fita a kan lokaci, insulin ne yake yawa a jini yana tunzura ma'ajiyar ƙwai ta riƙa yin homon ɗin maza fiye da ƙima, sai ƙwai ya kasa fita. Da insulin ya sauka sai wancan ma ya sauka, ƙwai ya dawo yana fita duk wata. Rashin yunwar kuma, a silib ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 na tumbi har da sashen sama inda ake yin girelin, homon ɗin yunwa wanda masana a Japan suka gano a 1999.

Amma ciki yanzu, a'a, ki daure. Na san nauyin shekara 7 a gidan miji da irin maganganun da ake ji, wallahi na sani, amma shawarar likitoci ita ce a jira wata 12 zuwa 18 bayan tiyata, saboda yanzu jikinki yana tsakiyar zubar da nauyi abin da kike ci bai ishe ki ba balle jariri. Ku zauna da maigida ku je asibiti tare a yi masa bayani. Kuma kar ki ce ai da can ma bana ɗauka, mata da yawa a irin wannan lokacin ciki yake shigarsu ba shiri. Wajen hana ɗaukar ciki, ashanar fata ko robar mahaifa sun fi ƙwaya tabbas, musamman ga wadda aka yi wa baifas ko mai yawan amai. In lokacin ya yi a duba jininki da B12 da folik asid tun kafin cikin ya shiga, kuma ki faɗa wa masu awo an miki tiyatar nan tun zuwan farko, don gwajin nan da ake ba mai ciki ruwan suga ta shanye yana iya wahalar da ke, akwai wata hanyar. Gashi kuma tsakanin wata na 3 zuwa na 6 ya fi zuba, yana dawowa, ki dage da abinci mai gina jiki da bitamin ɗin da aka rubuta miki.

Tambaya ta uku, daga wani magidanci a Zariya:

"Likita shekarata 56, shekara 18 ina fama da suga, shekara 9 ina kan insulin, nauyina kilo 128. Yara sun ce za su haɗa kuɗi in je Indiya a yi min. In an yi zan rabu da ciwon gaba ɗaya? Azumi fa?"

Alhaji, gaskiyar magana ita ce tiyatar tana tada fankiriyas ne ta yi aiki, toh in ciwon ya daɗe kuma an jima ana allura sau da yawa ƙwayoyin da suke yin insulin ɗin sun ragu sosai, shi yasa wanda bai wuce 'yan shekaru da ciwon ba ya fi samun lafawa. Akwai gwajin jini da ake kira C-peptide mai nuna sauran ƙarfin da ya rage, a fara yin sa kafin a sayi tikiti. A binciken da asibitin Cleveland Clinic na Amurka ya yi kan mutum 150, bayan shekara 5 waɗanda HbA1c ɗinsu ya sauka zuwa 6 ko ƙasa kashi 29 ne a baifas, 23 a silib, 5 kacal a masu magani zalla. Kenan ba kowa ke rabuwa da shi ba, amma ko bai lafa ba yawancin mutane allurarsu tana raguwa sosai, hawan jini da ciwon gwiwa da minshari su yi sauƙi, maza da yawa ma homon ɗin mazantakarsu yana ƙaruwa in kitse ya ragu. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa baya yin insulin, ba a ajiye insulin ko an yi tiyata.

Abin da ya fi damuna da masu fita waje shi ne su dawo gida ba likitan da yake bin su. Ka samu naka a nan tun kafin ka tafi, saboda in ka ci gaba da insulin ko ƙwayar sauke suga ta gilibenkilamaid yadda ka saba bayan tiyata sugan zai iya faɗuwa mummunar faɗuwa, dole a sake lissafin magungunan har da na hawan jini. A duba idonka kafin tafiya, saurin saukar suga yana iya tsananta ciwon ido na suga ga wanda dama yake da shi. Bitamin, kalsiyam, bitamin D da B12 har ƙarshen rayuwa ne, in ba haka ba jiki zai riƙa kwasar kalsiyam daga ƙashi. Maganin ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen ka rabu da su don suna jawo gyambon ciki a wajen ɗinkin.

Azumi kuma, likitoci da yawa suna cewa a dakata wata 6 zuwa 12 bayan tiyata, don tumbin ba zai ɗauki ruwan da zai riƙe ka wuni ba tsakanin buɗa baki da sahur. Ka ji ta bakin likitanka sannan ka tambayi malaminka hukuncin ramuwa ko ciyarwa, in kuma da hali a sa ranar tiyatar bayan ƙaramar sallah don ka samu watanni masu yawa kafin wani azumin ya zagayo.