Kafin alƙalami ya biya fata, sannan ka ɗauki aska

Yaro, saƙonka ya same ni a gona, jikana ya kunna mini shi sau biyu. Ka ce wani mutumin Yaunde ya ga aikinka a Facebook, yana son jaka 150 da tumtum 40, sai kaya sun isa hannunsa zai biya. Kana tambaya ko ka nemi kafin alƙalami ko ka yi shiru kada ya gudu. Ka kuma ƙara da cewa so kake ka tara jari da wuri, ka huta tun da sauran ƙarfinka kamar yadda na huta.

Wa ya gaya maka na huta? Shago na miƙa wa yayanku, basilla kuwa tana nan a aljihuna. Zan dawo kan wannan. Tambayarka ta taɓo mini wani gyambo mai shekara talatin da ɗoriya, shi ya sa ma ka ga na amsa, da ba haka ba sai in ce ka je ka tambayi na gaba da kai.

A shekarar 1993 babu baduku a Marwa, nan arewacin Kamaru, da ya fi ni yara a shago. Mutum tara ke zaune a gabana. Turawa suna sauka, su je Waza kallon giwa, su hau Rumsiki, su dawo ta kasuwa su kwashi tumtum da alabe da takalma ba tare da dogon ciniki ba. Sai dai shekarar ta zo da tsanani ga 'yan gida, domin sau biyu gwamnati ta yanke albashin ma'aikata, ɗaya a farkon shekara, ɗaya a ƙarshenta. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis da ke yi wa matansu jaka duk salla suka ɗauke ƙafa. Ana cikin haka Allah ya kawo wani mutum, babbar riga ta shadda, carbi a hannu, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Ya ce yana kai kaya shaguna a Faransa. Karon farko tumtum 20 ya saya, ya biya lakadan. Karo na biyu 50, ya biya har da tukuicin yara. Ya yi salla a sahunmu, ya ci tuwo a zaurena, ya san sunan 'ya'yana. A karo na uku ya ce tumtum 300 da jaka 200. Muka yi ciniki a kan sefa miliyan 2 da dubu 400. Ya ajiye dubu 300, ya ce saura sai kaya sun isa Duwala, mako biyu ba ƙari.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana raye a lokacin, idonsa ya tafi amma kunnensa garau. Ya ce mini, wanda ya biya ka sau biyu da sauri ƙugiya yake sa wa tsutsa. Na ce Baba zamani ya canja. Ka ji irin maganar da kuke yi mana yau, to ni ma na taɓa yin ta, kuma na biya kuɗinta.

Dubu 300 ko rabin fata ba ta saya ba. Na shiga majema na ɗebi fatun awaki da na tumaki bashi a hannun majema huɗu, mutanen da suka yi hulɗa da ubana tun ban san hannun dama ba. Na sayar da bijimai biyu na sayi zare da gam da zif. Kwana arba'in muna aiki da fitila har tsakar dare. Kowane tumtum da hannuna na yanka bakinsa, jan na karan dafi ne, baƙin na kuloko, babu fentin gwangwani ko ɗigo. Da kaina na raka kayan a babbar mota, muka ratsa Garwa, muka hau dutse zuwa Ngaundere, na tsaya a tashar jirgin ƙasa har aka rufe taragon a kan idona. Ƙarshen Disamba ke nan.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100. Ka yi lissafi da kanka: mutumin da zai sayar da kayana a Faransa, kuɗin da zai dawo da su gida sun ninka ba tare da ya ɗaga tsinke ba. Ni kuwa duk abin da ke zuwa daga waje, zif, gam, zare, ƙarfen jaka, ya yi tashin gwauron zabi, fata ma ta bi su, domin masu fitar da ita waje sun fi mu ƙarfin aljihu. Na ce ba komai, tunda ya ci riba ninki ai zai biya da murna.

Mako biyu suka zama wata uku. Na shiga jirgi zuwa Yaunde, na sauka a unguwar Hausawa ta Birkiteri, na yi kwana shida ina cigiya kafin a nuna mini ƙofar da yake. Ya fito ya tarbe ni kamar bai taɓa cin tuwona ba. A gaban mutane, yaro, a gaban dattawan da ke zaune a tabarma, ya ce kayana sun yi wari a hanya, Turawa sun ƙi karɓa, fatar ɗanya ce, shi ma asara ya yi. Ya zaro dubu 200 ya miƙo mini wai don zumunci. Ba takarda a hannuna, ba shaida sai yarana, su kuwa wa zai karɓi shaidarsu? Na karɓa, domin ko kuɗin komawa ba ni da su.

Bayan wata biyar wani direba ɗan unguwarmu ya dawo daga Duwala ya ce ya ga tumtum ɗina jere a wani shagon da Turawa ke shiga, da tambarin da nake bugawa a gindi, ana sayar da kowane ɗaya ninki huɗu na kuɗin da muka yi. Ko ɗaya bai yi wari ba. Ta yaya ma zai yi? Ni da ba na sayen fata sai na yanki gefen wuya, inda ta fi kauri, na duba ciki. In bagaruwa ta ratsa, launin ɗaya ne daga baya har ciki. In ka ga farin zare a tsakiya, majemi ya yi gaggawar tsamewa, wannan ita ce za ta yi ɗoyi da zarar ta ji damshin kudu, ta kuma bushe ta yi ƙarau kamar ƙirgi. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu na san wannan. Mutumin da ko kartaji bai taɓa riƙewa ba shi zai ce fatata ɗanya ce.

Shekara shida ina biyan majema. Ban gudu ba, ban ɓuya ba, duk Juma'a sai na je na ajiye abin da ya samu. Amma sai da gonar masakwa, wato dawar rani, ta mahaifina ta tafi, wadda kakana ya share da hannunsa, lakar da ko shekarar fari ba ta taɓa kunyata mu ba. Baba ya rasu yana sane an sayar. Bai ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini duka ciwo. Yara tara suka koma uku. Hajjin da na sa wa rai a 1995 sai 2009 na samu zuwa. An sha ce mini in yafe. Kuɗin na bar wa Allah tuntuni. Kalmar warin nan ce har yau in na tuna ta abinci ke fita raina.

To ga amsarka. Kafin alƙalami ya biya fata gaba ɗaya, da zare da gam da zif da kuɗin mota, har da abincin yaran da za su taya ka. Abin da za ka bari a hannun mai saye ladan hannunka ne kawai, domin in ya cinye wannan gumi ka rasa, ba ka ci bashin kowa ba. Kada ka tura kaya a dunƙule. Raba su uku, kashin farko ya isa, kuɗinsa su shigo, sannan na biyu ya tashi. A rubuta, a sa shaidu biyu waɗanda ba yaranka ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu riƙa jin kunyar neman takarda wai kada a ce ba mu yarda da mutum ba. Kuma ku da kuke karɓar kuɗi ta waya, hoton saƙo ba kuɗi ba ne. Je ka wurin mai cirewa, ka ƙirga su a tafin hannunka. In ya ji sharaɗin ya gudu, ka yi sadaka da goro, Allah ne ya tsare ka. Yadda za ka yanka jaka 150 su fito kai ɗaya kuwa ba zan ɓata bakina ba, shekararka huɗu a shago, in ba ka iya wannan ba ka mayar da askar.

Abin da ke damuna da ku shi ne gaggawa. Yaro bai gama koyon wasa aska ba ya buɗe shafi a waya yana kiran kansa mai kamfani. Rabin sa'o'inku sun watsar da sana'a sun hau babur suna kabu-kabu, saura kuma suna liƙa roba da gam suna ce mata fata. Na san kasuwa ta yi wuya, ba ina musu ba ne. Tun da aka sace Faransawan nan bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 Turawa suka ɗauke ƙafa daga yankin nan, takalman roba na Sin kuma suka cika ko'ina. Amma wuyar kasuwa ita ce ma dalilin da zai sa ka riƙe jarinka da hannu biyu.

Yanzu batun hutu. Ma'aikacin gwamnati yana kai shekara 55 ko 60 a miƙa masa takarda, ya koma gida jiran fansho. Na ga da yawansu, mutanen kirki, shekara biyu a kan kujera ƙofar gida sai ka ga ƙafa ta kumbura, magana ta ragu. Mu masu sana'ar hannu ba mai ba mu takarda, kuma wallahi na gode wa Allah da hakan. Shekara biyar ke nan da na miƙa makullin shago, ban taɓa wayar gari na rasa abin yi ba. In na yi asuba ina zama gaban malam da allona, na koma karatun da dukanci ya raba ni da shi ina yaro, yanzu saura izu tara in sauke. Da hantsi in ɗauki basilla, amma abin da raina ke so kaɗai nake ɗinkawa: gafaka, kuben wuƙa, linzami da kayan doki na mahayan Lamiɗo idan salla ta matso. Gafaka ɗaya sai in yi mako biyu a kanta, ba mai tsaye a kaina. An cire mini yanar ido shekara uku da suka wuce, ranar da aka kwance bandejin na ga ramin allura tar, na yi sujada a wurin.

Na sayi wata gonar, ba ta kai ta Baba kyau ba, amma tawa ce. Ruwa na ɗaukewa muke dashen masakwa, mu huda laka, mu zuba ɗan ruwa a rami, mu sa dashe, shi ke nan sai damshin laka da sanyi su raine ta har girbi wajen Fabrairu. Ni nake riƙe sandar hudar, jikoki na bina da buta. Raguna huɗu nake turkewa duk shekara saboda babbar salla. In dukawa biyu sun saɓa a kan fata ko a kan yaro, zaurena suke zuwa, majema ma haka, 'ya'yan waɗanda na biya bashin nan su ne yau ke aiko mini da fatar da ta fi kyau ba tare da na tambaya ba. Yaran da suka fita daga hannuna sun haura talatin, akwai na Garwa, akwai na Kuseri, akwai biyu a Injamena, duk wanda ya shigo gari sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ina cin tuwo da haƙorana, ina tafiya masallaci da ƙafata, ba wanda ke bina ko dala. Alhamdu lillahi. Da na gudu da bashin majema a 1994, ko kuma na sake faɗawa irin ramin nan sau ɗaya, da yanzu ina wani gari ina ɓoye fuska.

Ka kira mutumin naka yau, ka faɗa masa sharaɗin kamar yadda na faɗa maka, kada ka rage ko ɗaya don jin nauyi. Ranar Alhamis zan shigo gari. Ka kawo mini fata biyar daga cikin waɗanda kake niyyar saye, kada ka zaɓo masu kyau, ka ɗebo daga tsakiyar tari, ka zo da askarka a wase.