Tatsuniya ce ko ba tatsuniya ba?

Tambaya: Malam, mene ne Adibasi? Na ji kalmar a labaran Indiya.

Amsa: "Adi" farko, "basi" mazauni, wato mutanen farko a ƙasa. Ƙidayar 2011 ta nuna ƙabilun nan sun haura miliyan 100, irin su Santal da Gond da Munda.

Tambaya: Daidai ne a kira Ramayana, tsohon littafin 'yan Hindu, da labaran Adibasi tatsuniyoyi?

Amsa: Wannan sakacin ya daɗe yana damuna. Yanzu duk labarin da ba namu ba sai a manna masa "tatsuniya". Alhali tatsuniya da bakinta take tona kanta: a buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Mai bayarwa da mai sauraro duk sun san ba a yi ba.

To 'yan Hindu suna kiran Ramayana da Mahabarata "itihasa", ma'ana "haka aka yi". Su kuwa Santal suna cewa iyayensu na farko, Pilcu Haram da Pilcu Budhi, daga ƙwan tsuntsu aka ƙyanƙyashe su, tsutsar nan tana ita ce kuma ta ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin ruwa ta jibge a bayan kunkuru. A wurin bukukuwa ake rera wannan, kuma daga zuriyar mutum biyun nan suke lissafa dangoginsu. Ba dole ka yarda da shi ba, ni ma ban yarda ba. Amma abin da mutane ke bin salsalarsu da shi ba hirar dare ba ce. A ce labarin asali, ko hikaya.

In tatsuniyar Indiya kake nema, ga Pancatantara, labaran dabbobi don koya wa 'ya'yan sarki dabarun mulki. Ta bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mai da ita Larabci wajen shekarar 750, ita ce Kalila wa Dimna da malamanmu suka sani. Kalila da Dimna ɗin ma diloli ne. Ashe ba a dajinmu kaɗai dila ke malanta ba.

Tambaya: Ina ma'anar "tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi"?

Amsa: Ana faɗa wa wanda zancensa kullum wuri guda yake komawa.