Likitan Waya Ya Hana Ɗana Amoksisilin

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu ɗana mai shekara uku yake fama da mura da tari. Na kira wani likita da ke Yamai ta WhatsApp domin ya rubuta mini siron amoksisilin, sai ya sa na ɗaga rigar yaron a gaban kyamara, na ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, na samu 32. Daga nan ya ce in ba shi parasetamol da zuma da ruwa sosai, in sake kira bayan kwana biyu. Maƙwabciyata kuwa wurin mai tebur ta sayi nata, babu wata tambaya. Shin likitan nan bai yi mini riƙon sakainar kashi ba?

Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba yaro lafiya. A ganinmu likitan nan ya san aikinsa, domin abin da ya fi sauƙi ga mai duba marar lafiya daga nesa shi ne ya rubuta antibiyotik, wato maganin kashe bakteriya irin su amoksisilin, ya rabu da ƙorafi, tun da hannunsa ba ya kai wa ga ƙirji ko kunne ko maƙogwaro.

Galibin mura da tarin hunturu birus ne ke haddasa su, amoksisilin kuwa bakteriya kaɗai yake kashewa. Yaron da ya sha shi babu dalili yana iya samun gudawa ko ƙuraje, sannan ƙwayoyin cutar da ke jikinsa su koyi jure maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa turjiyar bakteriya ga magungunan antibiyotik ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi jin jiki.

Ƙirgen da ya sa ki yi shi ne ginshiƙin hukuncinsa. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro daga shekara 1 zuwa 5 da ke numfashi sau 40 ko fiye a minti, ko wanda ƙasan haƙarƙarinsa ke lotsawa ciki idan ya ja iska, ana zaton ciwon huhu ne, kuma a nan amoksisilin ya wajaba, gwargwadon nauyin yaron. Mai tebur ba ya tambayar nauyi, maganin nasa ma yini yake a rana.

Sai dai waya tana da iyaka, wadda likita nagari ba ya ɓoyewa. Ba a gwajin zazzaɓin cizon sauro ta kyamara, don haka idan jiki ya yi zafi, ki kai shi asibitin unguwa a ɗiga jini. Idan kuwa ya kasa sha, ko yana aman duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, kada ki tsaya jiran kira, musamman a yankinmu da sanƙarau ya ɓulla a ƙarshen 2022.

Kafin ki sake kira, ki tanadi nauyin yaron daga katin awo, da kwalin duk maganin da ya riga ya sha, ki kuma faɗa idan wani magani ya taɓa fesa masa ƙuraje. In har an rubuta antibiyotik, ki nemi a turo sunansa da adadi da yawan kwanaki a rubuce maimakon saƙon murya, ki nuna wa ma'aikacin farmasi allon wayar da kansa.