Ɗana ba ya barci sai sha biyun dare a Istanbul

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a unguwar Esenyurt da ke Istanbul ni da maigida. Ɗana mai shekara 3 ba ya kwanciya sai wajen sha biyu, da safe kuma da kuka nake kai shi makarantar reno. 'Ya'yan maƙwabtanmu Turkawa ma har sha ɗaya ana jin guje-gujensu. In ƙyale shi ya bi al'adar gari?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ƙyale shi. Gaskiya ne gidajen Turkawa da dama ba a kwantar da yara da wuri: bayan abincin dare a tafi ziyara, a zauna shan shayi, yara na falo har baƙi su tashi. Amma naki da safe zai fita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, har da na rana.

Ni na fi zargin waya a kan maƙwabta. Turkiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2. Lokacin da Hajiya ta idar da isha'i ta kira bidiyo don ganin jikanta, ku goma ta yi. Yaro ya ga kaka, ga hasken waya a ido, ina barci? Ki roƙe ta cikin ladabi a mai da kiran bayan la'asar ɗinsu, wajen shida kenan a wurinku. Zumunci bai ragu ba, za ma ta same shi da walwala.

Sai rana. A watan Yuni ba ta faɗuwa a Istanbul sai bayan takwas da rabi, don haka ki sa labule mai kauri. Da hunturu kuwa takwas na safe da sauran duhu, ki kunna fitilu ki tashe shi a lokaci guda kullum, har Asabar da Lahadi.

Shayin nan da Turkawa ke sirka wa yara da ruwa, ki hana shi da yamma ko da maƙwabciya ce ta miƙo. Ki tambayi malamarsa awa nawa yake barcin rana. Ki riƙa jawo lokacin kwanciyarsa baya da minti 15 duk bayan kwana biyu: wanka, tatsuniya, addu'a, a kashe wuta.

Idan yana minshari ko barci baki buɗe, ki kai shi wurin likitan yara a duba hanci da maƙogwaro. Don Allah kada ki ba shi maganin mura don ya yi barci.