Filin Tambaya da Amsa: Mazarin Kaka da Gwadon Baba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Kakata ta rasu bara, da aka zo rabon tarkacenta babu wanda ya kula wata tsohuwar taskira sai ni na ɗauka, a ciki akwai mazari guda 3 da ƙarfen gurza da guntun alli. Tun lokacin nake son in koyi kaɗi, na kalli bidiyo a YouTube har na gaji amma duk Turawa ne da gashin tumaki, ni kuma da na ja audugar sai zaren ya tsinke, ƙawayena har dariya suke min wai na koma zamanin da. Ya zan yi? Daga wata ɗaliba a Gumel.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya jiƙan kaka ya sa ta huta. Toh ki fara ajiye wayar nan tukuna. Gashin tumaki yana da tsayi shi yasa kika ga Baturiya ta saki mazarinta yana lilo a iska, auduga kuwa silinta gajere ne, in kika bar mazari yana reto nauyinsa kaɗai ya isa ya tsinka zaren. Iyayenmu a zaune suke yi, gindin mazarin yana kan 'yar fata ko cikin ƙaramin ƙoƙo, a murza da dama a ja da hagu. Allin nan da kika gani ba na rubutu bane, ƙashi ake ƙonawa a yi shi, ana dangwala yatsu a ciki saboda kar gumi ya sa hannu santsi.

Sannan ina zargin audugar taki ba ta sha shiɓa ba. Bayan an gurje an fidda angurya sai an sa bakan shiɓa an yi ta kaɗa tsirkiyar a cikinta har ta tashi ta yi laushi, in akwai ƙulli ko ɗaya to a nan zaren zai yanke. Kuma kar ki fara da siririn zaren nan mai ƙarfi da ake wadari da shi, wato jera zaren tsaye kafin a fara saƙa, wannan sai hannu ya faɗa. Fara da abawa mai kauri, ko ta yi tudu da kwari babu laifi.

Amma gaskiyar magana kaɗi ba aikin mutum ɗaya bane a ɗaki. Ni a gidanmu bayan isha'i ake kunna fitilar ƙwai, kakarmu da kishiyarta da matan maƙwabta su baje a tsakar gida kowa da taskirarta, ana kaɗi ana gulma ana mana tatsuniya, in yarinya ta tsinka zare babu mai yi mata bayani, tsohuwa ce kawai za ta kama hannunta ta murza tare da ita. Na fi wata guda ina ɓata auduga, jikina har rawa yake kamar mazarin saboda tsoron faɗa. Da kuɗin zaren nan mata suke zubin adashi, da shi ake tara wa 'ya mace kayan ɗaki. Dan haka ki tambayi mamanki su waye ƙawayen marigayiya da suka rage, ki sayi goro ki je gaisuwa da taskirar a hannu, wallahi sai kin rasa wadda za ki zaɓa dan kowacce za ta ce ita ta fi iyawa. In kin samu ƙawaye biyu ki ja su ku tafi tare, masu dariyar ma ki gayyace su.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Mahaifina masaƙi ne a wani ƙauye kusa da Minjibir, ni na gama sakandare ina taya shi, amma yanzu zaren kanti muke saye kuma in mun kai gwado kasuwa sai a ce yayi tsada ga bargon China. Wai da gaske ne sana'ar nan ta taɓa yin daraja ko dai labarin tsofaffi ne? In ci gaba ko in nemi Keke Napep?

AMSA: Ɗana ba labarin tsofaffi bane. Wani Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 kuma ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Turkuɗin Kura, wanda ake saƙa shi siriri kamar faɗin yatsa a ɗinke a rina a buga har yayi sheƙi, Buzaye har Agadas suke rububinsa dan rawani. Duba mutum nawa ke ci a jikin zane ɗaya, manomi, mai kaɗi, masaƙi, maɗinki, marini, mabugi, dillali a kasuwar Kurmi.

Abun ya fara sauyawa ne da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, Turawa suna saye auduga su kai Ingila su dawo mana da yadi mai araha, sai kuma masaƙun zamani irin Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, su ma ɗin yanzu kayan waje sun durƙusar da su. Mata masu kaɗi ne suka fara sakin sana'ar domin zaren kanti ya fi sauƙi, ku maza kuka ci gaba da jefa ƙoshiya da zaren wasu.

Ni dai a ganina kuskure ne ku tsaya gasar farashi da bargon China, ba za ku ci ba. Mai neman abin rufa na sanyi ba naku bane. Naku su ne masu hawan sallah, da masu sarauta, da amare masu son saƙi ranar kamu, da telolin zamani da ke yin jaka da hula da riga. Ka ɗauki Baba a bidiyo yana wadari, da yadda kunkuru, wato katakon nan mai dutse a kai da ke riƙe ƙarshen zare, ke matsowa a hankali in saƙa ta yi nisa, ka sa a Facebook da TikTok. Kuma ku haɗa kai da sauran masaƙan garinku ku sayi zare a sari. In da tsofaffi mata masu kaɗi a kusa ku ba su aiki ku biya da kyau, ku ware gwadon zaren hannu da kuɗinsa daban, kar kuma ku yi wa mai saye ƙarya in na kanti ne. Ka ba abun shekara ɗaya, Keke ba ya gudu.

TAMBAYA: Na sayi saƙi rinin baba a marinar Ƙofar Mata, yana zuba a jikina, an cuce ni ne? Maman yara daga Zariya.

AMSA: Ba a cuce ki ba Hajiya, haka baba yake a farko. Ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ban da bilic, ki shanya a inuwa, a hankali zubar za ta ragu. Kafin nan dai kar ki zauna da shi a kan farar kujerar mutane.