Ra'in sukar tsari a nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa: ta ina ake farawa?

Tambaya: Malam, ina karatun hulɗar ƙasa da ƙasa, an ce mu yi rubutu bisa ra'in sukar tsari. Na yi ta karatu, amma ban gane inda ya sha bamban da sauran ra'o'in ba, balle ta inda zan kama rubutun.

Amsa: Bambancin yana cikin tambayar da mai nazari ya fara da ita. A 1979 Kenneth Waltz ya kafa nazarinsa a kan cewa ƙasashe ba su da wata hukuma a samansu, don haka kowace tsaronta ta sa a gaba. Mai bin wannan hanya zai tambaya yadda za a hana manyan ƙasashe gwabzawa. Robert Cox, a maƙalarsa ta 1981 cikin mujallar Millennium, ya kira irin wannan nazari na warware matsala: ka karɓi gida yadda ka tarar da shi, ka riƙa toshe yoyo. Mai sukar tsari kuwa sai ya tambaya wa ya gina gidan, yaushe, kuma wa aka bai wa babban ɗaki. A wurin Cox, kowane ra'i akwai wanda yake yi wa aiki.

Tushen ra'in sukar tsari biyu ne: masanan Frankfurt na Jamus, musamman Max Horkheimer da ya bambanta ra'in gargajiya da na suka a 1937, da Antonio Gramsci, ɗan Italiya da ya yi rubutunsa a kurkukun gwamnatin Mussolini. Daga Gramsci aka samo batun mamaya da yardar wanda aka mamaye, wato mai ƙarfi ya sa tsarinsa ya zama kamar haka Allah ya yi duniya.

Wajen rubutu, ka zaɓi abu ɗaya tak, ka duba shi ta fuskoki ukun da Cox ya tsara: ƙarfin dukiya da makamai, cibiyoyi, da tunanin da ke yawo. Ɗauki Asusun Lamuni na Duniya. Ƙuri'a a can gwargwadon kason kuɗin ƙasa take, Amurka na da kusan kashi 16 cikin 100, manyan shawarwari kuma sai da kashi 85. Yi lissafin da kanka: Amurka ita kaɗai za ta iya hana su wucewa. Sai cibiyar kanta. An tsara ta a taron Bretton Woods na 1944, ƙasashe 44 suka halarta, lokacin akasarin Afirka na hannun Turawan mulkin mallaka. Fuska ta uku, wato tunani, ita ce mai wuya, a nan kuma maki yake. A shekarun 1980 an gindaya wa ƙasashe masu cin bashi sharuɗɗan karya darajar kuɗi, cire tallafi da sayar da kamfanonin gwamnati. Aikinka ka nuna yadda waɗannan suka koma abin da ba a musu a kai, har jami'an ƙasar da ke karɓar bashin suna maimaita su da bakinsu. Hujjarka ta fito daga takardun yarjejeniya, jawaban kasafin kuɗi da manhajar da aka koyar da jami'an.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne ɗaukar suka a matsayin zagi. Shafi biyar na la'antar ƙasashen Yamma ba nazari ba ne, haka ma zargin wata maƙarƙashiya da ba ka da shaidarta. Wasu kuma sukan cakuɗa komai a tukunya ɗaya. Masu nazarin jinsi irin su Cynthia Enloe suna tambayar ina mata suke a siyasar duniya, masu nazarin bayan mulkin mallaka suna bin sawun yadda Turai ta mai da tarihinta ma'aunin kowa. Dangi ne, amma kowa da tambayarsa, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Ka kuma shirya wa ƙorafin da aka fi yi wa ra'in, cewa ya iya fallasa amma bai cika faɗin abin da za a yi gobe da safe ba. Don haka ka keɓe sakin layi ɗaya ka nuna inda tsarin ke tsagewa da waɗanda ke matsa masa lamba, misali kiraye-kirayen sake rabon ƙuri'u a Asusun.